Ƙananan burodin Sikotland: ire-irensu, sunayensu da al'adun da ke tattare da su

Sikotland, wadda Faransawa ke kira Écosse, ɗaya ce daga cikin ƙasashe huɗu da suka haɗu suka zama Birtaniya, tare da Ingila, Wales da Ireland ta Arewa. Tana arewacin tsibirin, babban birninta Edinburgh, birni mafi yawan jama'a kuma Glasgow. Ƙidayar shekarar 2022 ta nuna tana da mutum miliyon 5 da dubu 400 da ɗoriya. A wannan ƙasa akwai wani ɗan burodi mai girman tafin hannu da ake kira roll, wanda ake gasawa da dare a kai shi shaguna tun da asuba. Shi ne karin kumallon lebura da direba da ma'aikacin ofis, kamar yadda burodi da shayi yake a teburin mai shayi a Maraɗi ko Damagaram. Sai dai siffarsa da sunansa da abin da ake kwaɓa shi da shi suna canzawa daga gari zuwa gari, har baƙo kan nemi wani abu a miƙo masa wani daban.

Daga oats da sha'ir zuwa alkama

Alkama ba ita ce cimar asali ta mutanen Sikotland ba. Sanyi da yawan ruwan sama da gajartar lokacin zafi sun sa ba ta yi sosai a arewaci da yammacin ƙasar. Abin da ya fi karɓar ƙasarsu shi ne sha'ir da kuma hatsin da Turawan Ingila ke kira oats, Faransawa kuma avoine, wanda ake sayarwa a kantunanmu cikin gwangwanin Quaker. Da garin waɗannan biyun ake dama kunu, ake kuma yin wata waina mai faɗi da ake gasawa a kan farantin ƙarfe bisa wuta. Farantin suna ce masa girdle, wainar kuma bannock in tana da kauri, ko oatcake in siririya ce mai ƙarasƙaras. A ƙamus ɗin da Samuel Johnson ya wallafa a Landan a 1755, ya yi wa mutanen Sikotland shaguɓe da cewa hatsin da ake bai wa dawaki a Ingila shi ne abincin mutane a wurinsu. Har yau a tsibiran Orkney ana noman wani tsohon irin sha'ir mai suna bere, ana niƙa shi a wani injin ruwa da ake kira Barony Mill.

Burodin alkama ya zama na kowa ne a ƙarni na 19. A 1846 majalisar Birtaniya ta soke dokokin da suka ɗora haraji mai nauyi a kan hatsin ƙetare. Daga baya jiragen ruwa suka riƙa sauke alkamar Amurka da Kanada a tashar Glasgow, sababbin injinan niƙa kuma suka sa farar fulawa ta yi araha. A daidai lokacin mutane na ta kwararowa daga ƙauyuka zuwa masana'antu da wuraren ƙera jiragen ruwa na bakin kogin Clyde. Iyalin da ke cunkushe a ɗaki ɗaya ko biyu ba su da wurin gasa burodi, don haka suka dogara da gidajen burodi na unguwa. A 1869 ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata suka kafa nasu babban gidan burodin a Glasgow, United Co-operative Baking Society. A 1891 kuma masu gidajen burodi suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda a yau ake kira Scottish Bakers.

Akwai wata alaƙa tsakanin Glasgow da alkamar Kanada. A 1842 wani manomi ɗan asalin Sikotland mai suna David Fife ya shuka, a gonarsa da ke Ontario, irin alkama da wani abokinsa ya aiko masa daga Glasgow. Daga nan aka samu irin da ake kira Red Fife, wanda ya yaɗu a gonakin Kanada. Alkama ce mai ƙarfi, ƙullunta yana da danƙo kuma yana jure doguwar tashi, irin wadda masu burodin Glasgow ke so.

Burodin safe

Sunan da ya game ƙasar shi ne morning roll, wato burodin safe. Kayan haɗinsa ba su da yawa: fulawa, ruwa, yis, gishiri, ɗan sukari da ɗan mai. Cikinsa sakayau ne, ba shi da nauyi, kuma ba ya kwana, domin in ya wuce ranar da aka gasa shi sai ya bushe. Wannan ne ya sa masu gasa shi ke aikin dare, motocin rabawa kuma su fita tun kafin gari ya waye. Al'ada ce mutum ya leƙa shagon unguwa da safe, musamman ranar Asabar da Lahadi, ya sayo burodin gida tare da jarida da madara.

Iri uku aka fi sani. Na farko mai taushi ne ciki da waje, an barbaɗe samansa da fulawa. Na biyu shi ne na Glasgow da kewaye, crispy roll, mai ɓawo siriri da ke fashewa in an gatsa. Ana barin ƙullunsa ya daɗe yana tashi, sau da yawa dare guda, wasu gidajen kuma kan barbaɗa masa garin shinkafa kafin a sa shi a wuta mai zafi ƙwarai. Ana jera su kusa da juna a faranti, shi ya sa gefensu kan manne, sai an ɓalle. Na uku shi ne well-fired roll, wanda ake bari a wuta da gangan har samansa ya yi baƙi. Wanda bai san shi ba zai ɗauka ƙonewa ya yi, amma masu sonsa ɗan ɗacin nan suke nema, kuma akwai shagunan da shi ke fara ƙarewa.

Akwai kuma bap. Kalma ce tsohuwa a harshen Scots, an same ta a rubuce tun ƙarni na 16. Ana kwaɓa shi da madara da ruwa, a shafe samansa da madara, a barbaɗa fulawa, sannan a danna tsakiyarsa da yatsa kafin a gasa don kada ya kumbura ya yi ƙuraje. F. Marian McNeill ta bayyana yadda ake yin sa a littafinta The Scots Kitchen na 1929, wanda har yanzu ake komawa gare shi kan girkin gargajiyar ƙasar.

Buttery na Aberdeen

Aberdeen birni ne na bakin teku a arewa maso gabas. A da an san shi da kamun kifi, daga shekarun 1970 kuma ya zama cibiyar aikin man fetur na Tekun Arewa. Burodinsa ya sha bamban da na sauran ƙasar. Ana kiransa buttery, ko rowie, ko Aberdeen roll. Shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da tsayayyar siffa, yana da gishiri da maiƙo sosai. Wanda ya san croissant na Faransa zai ga kama, sai dai wannan kamar an danne shi ne, ya fi nauyi, kuma ba shi da zaƙi.

Yadda ake yin sa: a kwaɓa fulawa da ruwa da yis da gishiri, a bari ya tashi. A murza ƙullun ya yi faɗi, a shafa masa mai, a ninke shi uku, a bari ya huta. A maimaita haka sau uku. Daga nan a yayyanka, a baje kowane yanki da yatsu, a sake bari ya tashi, a gasa. A wasu girke-girken gida, giram 500 na fulawa kan ci mai fiye da giram 300. Man gargajiya shi ne man shanu haɗe da kitsen alade. Manyan gidajen burodi da yawa sun koma amfani da margarin ko man itatuwa saboda araha, abin da masu kishin gargajiya ke ƙorafi a kai. Don farfaɗo da tsohon salon ne aka shirya gasar buttery ta duniya a Aberdeen a 2018.

Labarin da ya fi yaɗuwa kan asalinsa shi ne an ƙirƙiro shi ne domin masunta. Jiragen kamun kifi masu injin tururi sun fara aiki daga Aberdeen a 1882, suna kuma yin kwanaki a teku. Burodi na yau da kullum kan bushe ko ya yi fumfuna, amma mai yawan kitse da gishiri yana daɗewa, yana kuma riƙe cikin mai aikin ƙarfi a cikin sanyi. Yau ana cin sa da shayi, da sanyinsa ko a ɗan ɗumama shi, wasu su ƙara masa man shanu, wasu su shafa konfitir a gefensa mai faɗi.

Abin da ake sawa a ciki

A yawancin Sikotland ba a cika cin burodin safe gaya ba. Ana tsaga shi biyu, a shafa man shanu, a sa wani abu mai zafi a tsakiya. Wanda ya fi shahara shi ne sosis ɗin Lorne, da ake kuma kira square sausage. Niƙaƙƙen nama ne da aka haɗa da garin busasshen burodi da kayan yaji, aka danna a cikin gwangwani mai kusurwa huɗu, sannan a yayyanka a soya. Ba shi da fatar da ake ɗura sosis a ciki, kuma faɗinsa ya yi daidai da burodin. Wani na naman shanu ne zalla, wani an gauraya da na alade. Ana yawan cewa an sa masa sunan wani ɗan wasan barkwanci na Glasgow, Tommy Lorne, amma an samu sunan a tallan jaridu tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin shi yana yaro.

Sauran abubuwan sun haɗa da soyayyen ƙwai, da naman alade mai gishiri da ake kira bacon, da black pudding wanda ake yi da jini da kitse da oats, da haggis wanda ake yi da zuciya da hanta da huhun tumaki. Akwai tattie scone, wata siririyar waina ta dafaffen dankalin Turawa da fulawa da ake gasawa a farantin ƙarfe. A Glasgow har Scotch pie, wani ɗan gashi mai ɓawon fulawa da niƙaƙƙen nama a ciki, ake cusawa ɗungurungum a cikin burodi a ci. Da yawa kan kora da shayi mai madara, ko da lemon Irn-Bru na kamfanin A.G. Barr, wanda ake sayarwa tun 1901.

Suna ɗaya, abu daban

Harsuna uku ake da su na gado a ƙasar: Ingilishi, Scots da Gaelic. Scots ma yana da karin harshe daban-daban, na yankin Aberdeen ana ce masa Doric. Wannan na daga cikin dalilan yawan sunayen.

A Glasgow, mai son sosis a cikin burodi zai ce roll and sausage. In ya juya kalmomin ya ce sausage roll, wani abu daban za a ba shi, wato sosis da aka naɗe da ƙullu mai ɓawo aka gasa. A Aberdeen kuwa, tsofaffin ƴan gari in sun ce roll, buttery suke nufi, mai taushin kuma softie suke kiransa. Tsakanin rowie da buttery ma akwai gardama: galibi ana danganta na farko da cikin birni, na biyu da garuruwan karkara. Burodin da aka sa wa wani abu a tsakiya don guzurin aiki sunansa piece, wanda ƴan makaranta ke ci lokacin tara kuma playpiece. Mai konfitir shi ne jeely piece, wanda iyaye mata a tsofaffin gidajen Glasgow kan naɗe a takarda su jefo wa ƴaƴansu ta taga. Adam McNaughtan ya yi waƙa a kan haka a shekarun 1960, lokacin da aka kwashe iyalai zuwa dogayen benaye inda jefowar ba ta yiwuwa.

In aka tsallaka Ingila sunayen sun fi haka yawa. A Nottingham da Leicester cob ne, a Manchester da Lancashire barm, a Coventry batch, a wasu sassan Yorkshire teacake ko breadcake. Newcastle na da nata mai faɗi da nauyi, stottie. Wani binciken jin ra'ayi da kamfanin YouGov ya yi a 2018 ya nuna kashi 52 cikin 100 na mutanen Ingila roll suke cewa, sauran sun rarrabu a kan sunayen yankunansu. Irin wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya san abin da wani gari ke kira waina wani gari masa yake ce masa. A Faransa ma mutanen Toulouse da Bordeaux chocolatine suke cewa, na Paris kuma pain au chocolat.

Bambancin bai tsaya ga burodi ba. A gidaje da yawa na ma'aikata, abincin rana shi ne dinner, na maraice kuma tea, ko da babu shayi a ciki. A shagunan soyayyen kifi da dankali, mutumin Glasgow gishiri da binega yake sawa, na Edinburgh kuma gishiri da wani ruwan miya mai launin ƙasa da ɗan tsami. Da wannan kaɗai akan gane daga inda mutum ya fito.

Burodin talaka da na mai hali

Babban burodi da ake yankawa iri biyu ne. Plain loaf ana jera ƙullunsa ne manne da juna a gasa ba tare da gwangwani ba, sai ya fito dogo, samansa da ƙasansa da ɓawo mai duhu, gefensa kuma fari babu ɓawo. Pan loaf kowanne a gwangwaninsa ake gasa shi, yana da ɓawo mai laushi ta ko'ina. A da na gwangwanin ya fi tsada, don haka ya zama na masu hali. Daga nan aka samu karin magana a harshen Scots: wanda ke ƙaƙale murya yana kwaikwayon maganar manya, sai a ce yana magana irin ta pan loaf. Yau na gwangwanin ne ya cika kantuna, musamman bayan da aka ƙirƙiro hanyar Chorleywood a Ingila a 1961, wadda ke sa ƙullu ya tashi cikin ɗan lokaci ta hanyar bugawa da inji mai sauri. Plain loaf ya ragu, amma ana samunsa, an fi saninsa da tambarin Mother's Pride a naɗe cikin takarda mai santsi.

Na bukukuwa da na garuruwa

Babban bikin ƙasar shi ne Hogmanay, daren shiga sabuwar shekara. Kirsimeti bai zama ranar hutu a hukumance a Sikotland ba sai a 1958, saboda cocin ƙasar ya daɗe ba ya goyon bayan bikinsa. A daren Hogmanay, wanda ya fara taka ƙofar gida bayan sha biyun dare kan zo da tsaraba: dunƙulen kwal, gishiri, biskit ɗin man shanu da ake kira shortbread, giyar wiski, da black bun, wani gato mai nauyi cike da busassun ƴaƴan inabi da kayan ƙamshi a cikin ɓawon fulawa. Ranar 25 ga Janairu kuma ana cin haggis don tunawa da haihuwar mawaƙi Robert Burns.

Wasu garuruwan sun yi suna da abin da suke gasawa. Selkirk na da Selkirk bannock, burodi mai zaƙi da busasshen inabi, wanda ya ƙara shahara bayan Sarauniya Victoria ta ci shi a gidan Abbotsford a 1867. Forfar na da bridie, ƙullu da aka ninke da naman shanu a ciki. Dundee na da gatonta mai ƴaƴan almon a jere a sama. Black pudding na garin Stornoway ya samu rajistar kariyar suna ta Tarayyar Turai a 2013, ma'ana ba wanda zai sa wa kayansa wannan suna sai in a yankin aka yi shi.

Batun lafiya

A 2002 masu bincike a Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci, irin burodi da dankali, yana samar da wani sinadari mai suna akirilamid in an gasa ko an soya shi a zafin da ya wuce digiri 120. Yawansa na ƙaruwa gwargwadon yadda abincin ya yi duhu. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya da ke Lyon ta sa sinadarin a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa kansa ga ɗan Adam. A watan Afrilun 2018 wata dokar Tarayyar Turai ta fara aiki, wadda ta wajabta wa masu sarrafa abinci su rage shi. A Sikotland hankali ya koma kan well-fired roll, jaridu suka yi ta tambaya ko za a hana shi. Ba a hana ba, har yanzu ana sayarwa. Shawarar hukumomin kula da abinci ita ce a gasa burodi ya yi ruwan zinariya kawai, baƙin kuma kada a mayar da shi na kullum. Wannan shawara ta shafi duk mai gasa burodi ko soya dankali a ko'ina yake. Buttery kuwa, yawan kitse da gishirinsa ne likitoci ke jan kunne a kai.

Sana'a da tsadar kaya

Gidan burodi na cin wuta da fulawa da yawa, ribar kowane ɗan burodi kuma kaɗan ce. Tashin farashin alkama da gas bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine a 2022 ya matsa wa masu sana'ar a Birtaniya, kamar yadda ya taɓa farashin fulawa da burodi a ƙasashen da ke sayo alkama daga waje, ciki har da Nijar. A watan Maris na 2023 kamfanin Mortons Rolls na unguwar Drumchapel a Glasgow, wanda aka kafa a 1965, ya dakatar da aiki, ma'aikata kusan 250 suka shiga halin rashin tabbas. Shaguna da wuraren cin abinci da dama suka wayi gari babu burodin da suka saba sayarwa, maganar ta kai har bakin ƴan siyasa. Cikin ƴan makonni wasu masu zuba jari suka karɓi kamfanin, aka koma gashi, aka mayar da wani ɓangare na ma'aikatan.

Abin da baƙo Musulmi zai kula da shi

Ƙidayar 2022 ta nuna Musulmi sun kai kashi 2.2 cikin 100 na mutanen Sikotland, kusan mutum dubu 120, kuma birnin da suka fi yawa a cikinsa shi ne Glasgow, inda aka buɗe babban masallaci a 1984. Jami'o'in Aberdeen, Dundee, Glasgow da Edinburgh na karɓar ɗalibai daga Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa, musamman masu karatun man fetur da injiniya.

Ga wanda ya je can, kalmar da zai fara nema a jikin leda ita ce lard, wato kitsen alade, abin da Faransawa ke kira saindoux. Ana iya samunsa a buttery, a wasu bap, da ɓawon Scotch pie. Bacon naman alade ne, black pudding kuma jini ne ko da an ce na shanu ne. Sosis ɗin Lorne da haggis, ko babu alade a ciki, sai an duba ko yankan halal ne. Mahautan Musulmi a Glasgow na yin nasu, akwai kuma haggis na wake da ganye wanda babu nama a cikinsa.

Tun daga watan Oktoban 2021 doka ta wajabta a rubuta dukan kayan haɗi a jikin abincin da aka naɗe tun kafin mai saye ya zo. Burodin da ke zube a faranti ba ya cikin wannan: abin da ya wajaba a kan mai shago shi ne ya faɗi ko akwai ɗaya daga cikin abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da borin jini, irin su gyaɗa, madara da ƙwai, kuma alade ba ya cikin jerin. Don haka sai mai saye ya tambaya da bakinsa da wane mai aka kwaɓa, ko ya nemi wanda aka rubuta cewa ya dace da marasa cin nama.